Ƙyalle Mai Lamba Goma

Ranar Laraba ce kaɗai Mama Lucia take goge zani. Sauran ranakun, duk abin da hannunta ya kai gare shi shi take ɗaurawa, don wa zai gan ta? Gidan ɗaki biyu ne a bayan unguwar PZ, kuma ita kaɗai ce a ciki tun da mijinta Sati ya rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarta ɗaya tilo, Elizabeth, tana aure can Fatakwal, sai dai waya ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ita ma minti biyar, yara na ihu ta bayanta. Rumfar atamfar da ta riƙe shekara talatin a kasuwar Sabon Gari ta sake ta tuni, yanzu cajar waya ake sayarwa a wurin. Amma in Laraba ta zo, da sassafe za ka ga tsohuwa ta zuba gawayi a dutsen guga, ta fito da ɗankwalinta mai kyau, ta kulle ƙofa ta nufi inda ake hawa motar Samaru.

Kada ku ce yawo take zuwa. Aiki ne, kuma ba kowa ake kira ba.

A Samaru akwai wani ɗakin gwajin yadi da wata malama, Dokta Ebele, take kula da shi. Ebele haifaffiyar Sabon Gari ce, in tana Hausa ba ka ce tana da wani yare ba, kuma a rumfar Mama Lucia uwarta take yanka mata kayan Kirsimeti tun tana 'yar mitsitsiya. Na'urori ne da ita iri-iri a ɗakin nan. Wata ta ja yadi, wata ta lanƙwasa shi, wata ta danne shi, wata ta bi kansa da ɗan ƙarfe tana auna kaushinsa, duk su tofo lambobi a takarda. To amma na'ura ba ta sa riga. Sai ɗan Adam ya taɓa ya ce wannan da laushi, wannan babu, sannan a duba a ga ko lambobin sun faɗi gaskiya. Shi ya sa Ebele ta tara mutum shida masu hannu, da teloli, da mai wanki da guga, ta sa Mama Lucia a kan gaba.

Ai kuwa ta cancanta. A zamaninta in dila ya kawo kaya, ba ta wahalar warware turmi. Bakinsa kawai take kamawa tsakanin babban yatsa da manuni, ta murza sau biyu, ta sake shi ta ce, “Sitaci ne wannan, wanki ɗaya zai zama rariya. Kwashe min.” Dila ya yi ta rantsuwa, ita ko ta riga ta juya ta ci gaba da hirarta. Mata daga Tudun Wada, daga Wusasa, har daga Giwa suke zuwa, wasu ma ba don su saya a wurinta ba, sai don ta taɓa musu abin da suka sayo a wani wuri ta faɗa musu ko an cuce su. Bakinta da kaifi, kowa ya sani, amma ba a taɓa kama hannunta da ƙarya ba.

Aikin Laraba yana da dokoki, kuma wani dattijo mai furfura, Malam Gregory, shi ne mai tsaron su. Ka wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, ka bari ya bushe da kansa. Ba a shafa mai. Ka zauna gaban wani akwatin katako mai rami biyu, ka zura hannuwanka, idonka ba ya ganin abin da ke ciki. Ka shafa, ka matsa, ka murza, ka dunƙule, sannan ka ba da maki daga ɗaya zuwa goma. Babbar dokar kuwa, wadda Malam Gregory yake maimaitawa kamar addu'ar safe, ita ce ba a kai ƙyalle kusa da fuska. Gumi da maiƙon fuska suna shiga cikin zare su sauya shi, kuma ƙyallen da ya taɓa fuska ya fita daga aiki ke nan, ba ya komawa akwati.

Kafin a fara, kowa sai ya taɓa ƙyalle biyu don hannunsa ya tuna iyakar ma'auni. Na farko mai lamba ɗaya, ashasha ce, irin buhun da ake zuba gyaɗa. Na biyu mai lamba goma, shi ne ƙarshen laushi. Wannan na biyun shi yake fito da Mama Lucia daga gida.

Ga yadda aka yi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da Ebele take kafa aikin, ta rasa abin da za ta sa a matsayin goma. Ta kawo siliki, ta kawo yadin jarirai, ta kawo wani abu mai tsada daga waje. Duk wanda Mama Lucia ta taɓa sai ta taɓe baki ta ce, “Santsi ne da shi, ba laushi ba. Akwai wanda ya fi shi.”

“To a ina yake, Mama?” in ji Ebele.

“Yana jikin mijina.”

Wata farar 'yar shara ce ta auduga zalla, saƙar Kaduna tun masaƙu suna aiki. Sati, mai gyaran keken ɗinki ne a PZ, in ya dawo da yamma ya wanke baƙin mai, ita yake zurawa ya zauna ƙarƙashin mangwaro. Shekara ashirin Lucia tana wanke ta da hannunta, har auduga ta saki jiki gaba ɗaya, ta zama in ka taɓa ta ba ka son ɗauke hannu. Da ta zo da almakashi za ta datsi gindin rigar, faɗin tafin hannu biyu, Sati ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Oho! Ni ban yi boko mai zurfi ba, ga gindin rigata zai tafi Samaru karatu. Ki ce masa ya dage, kada ya ba ni kunya.” Ya ci gaba da sa rigarsa haka nan, guntuwa ta gefe ɗaya, in baƙo ya tambaya ya ba shi labari.

Da ya rasu, aka yi yadda aka saba. Bayan an share makoki, ƙanensa Japheth ya zo daga ƙauye da sauran dangi, aka fito da kayan mamaci tsakar gida aka raba. Ba mugunta ba ce, haka ake yi, kayan namiji na 'yan'uwansa maza ne, kowa ya tafi da abin tunawa. Lucia tana ɗaki cikin mata, kanta a sunkuye, hankalinta ba ya jikinta. Sai bayan kwana biyu da gida ya watse ta ɗaga ido ta ga ƙusar bayan ƙofa babu komai a kanta. Hula, takalmi, kwat ɗin zuwa coci, duk sun tafi. Ta aika a tambayo mata guntuwar rigar, Japheth ya aiko da haƙuri, ya ce ai sun ɗauka tsumma ce, wani ya goge babur da ita ya yar.

Ke nan a duk faɗin duniya, abin da ya rage wanda ya taɓa jikin Sati shi ne ƙyallen nan da ke cikin akwati a Samaru. Ba ta taɓa faɗa wa Ebele ba. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce a mayar mata da kyautar da ta yi, alhali duk aikin yarinyar nan na shekara da shekaru a kansa yake tsaye? Kuma kunya ma ba za ta bar ta ba, tsohuwa da ita tana roƙon tsumma. Sai ta yi shiru, ta riƙe Larabarta. Minti ɗaya ake ba kowa a kan lamba goma. Ita takan ƙara rabin minti, Malam Gregory yakan yi kamar yana duba takarda.

Sai ciwon suga ya shigo. A asibitin Shika aka faɗa mata, aka ba ta magani, aka hana ta abubuwa da yawa, ta bi. Amma abin ya fara daga yatsun ƙafa, ya hauro a hankali. Wata rana allura ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba, ta ci gaba da kai hannu bakin zani tana ɗinka iska. Wata rana kuma dutsen guga ya ƙone mata yatsa, sai da ta ji ƙauri ta duba. Kan yatsunta ya zama kamar ta sa safar hannu mai kauri wadda ba ta cirewa. Ta zauna bakin gado ta dubi hannuwan nan ta ce, “Haba, ku ma?” Tsoro ya kama ta sosai, kuma babu wanda za ta faɗa wa.

Amma 'yar kasuwa ce, ba ta rasa dabara. Yadi yana da murya, duk wanda ya daɗe a rumfa ya san haka. Mai sitaci yana ƙaras-ƙaras, leda-leda yana shuu, auduga mai kyau kuwa da ƙyar ka ji numfashinta. Sai ta koma aiki da kunne. Ta jawo ƙyalle kusa da bakin ramin akwati, ta karkata kai kamar mai zurfin tunani, ta murza, ta saurara, ta ba da maki. Shekara guda da rabi tana haka, tana dacewa sau da yawa. In an zo kan lamba goma, ba ta jin komai a yatsunta, amma ta san shi ne, an faɗa mata shi ne, sai ta riƙe shi ta ce wa ranta tana ɗan ji.

Matsalar ita ce watan Agusta. Kowace shekara a watan nan Ebele takan gwada masu gwajin su kansu. Ƙyalle shida a akwati, ba a faɗa maka ko ɗaya, ka ba kowanne makinsa. Wanda hannunsa ya kauce da yawa, a yi masa godiya a sallame shi. Bara Mama Bisi tela aka sallama, ta fita tana share ido da bakin gyale, kuma wa ya ce a bayanta, “Hannu in ya gaji ai sai a bar shi ya huta”? Mama Lucia ce da bakinta. Ita kanta baran da kunne ta haye, da ƙyar. In aka sallame ta bana, ba ta da hanyar sake zura hannu cikin akwatin nan har ta mutu.

Ran gwajin ta tashi da shiri. Ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi, sannan ta ɗauko dutsen goge kaushi ta hau kan yatsunta da shi, wai ko in fatar ta yi siriri jin zai dawo. Ta goga, ta goga, tun da ba ta jin zafi ba ta san inda za ta tsaya ba, har fatar ta yi ja ta tattashi. Ta duba ta ce madalla. Ta ɗaura zaninta da ta goge, ta fita.

Tun da mota ta kai Kwangila ta ga hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. Mutanen cikin mota suna ta murna, wani manomi yana cewa masararsa ta samu. Ita ba ta kawo komai a ranta ba, tana ta motsa yatsu a cinya. Ta sauka, ta taka zuwa ɗakin gwajin, iska tana kaɗa mata ɗankwali.

“Sannu da zuwa, Mama,” in ji Malam Gregory. “Kin tsere wa ruwa. Ke ce ta ƙarshe yau, sauran sun gama sun gudu.”

Ta wanke hannu, ta ɓoye kan yatsunta cikin tafinta har ta zauna. Ebele ta zauna ɗaya gefen akwatin da takarda da biro, ta gaishe ta, ta tambayi Elizabeth da yara. Sannan ta ce, “To Mama, ga na farko.”

Tana zura hannu ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, a kan rufin kwano marar silin. Ɗakin ya cika da ƙara har Malam Gregory sai da ya ɗaga murya don ya ce a rufe taga. Mama Lucia ta jawo ƙyallen kusa da rami, ta karkata kai, ta murza. Ba ta ji komai ba sai kwano. Ta sake murzawa da ƙarfi. Kwano dai.

“Ko mu jira ya tsagaita?” in ji ta.

Ebele ta yi murmushi ta ce da ƙarfi, “Ruwa ai ba ya hana hannu aiki, Mama!”

Mama Lucia ta ci gaba. Na farko ta ɗaga shi ta ji nauyinsa a wuyan hannu, ta ce biyar. Na biyu ya ƙi dunƙuluwa, ta ce uku. Na uku ta yi ta juya shi, ba ta san ko mene ne ba, ta ce shida don shida ba ta da nisa da ko'ina. Biro yana ta tafiya, fuskar Ebele ba ta nuna komai.

Na huɗu ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta shafa shi, sai ta ji yana riƙe mata yatsu, yana ja, yana maƙalewa, har jan yana zuwa mata a wuyan hannu. Ba ta kawo a ranta cewa fatar da dutsen goge kaushi ya tayar ce take kama zare ba. Murna ma ta yi, don ga abu ɗaya dai da ta ji da gaske. Tsohon bakin nan ya motsa, ta ture ƙyallen gefe ta ce da ƙarfi yadda za a ji ta cikin ruwa, “Wannan kuma daga wace bola? Tsumman goge-goge ne. Ba shi biyu, shi ma don Allah.”

Biro ya tsaya. Ebele ta ɗago ta dubi Malam Gregory, shi kuma ya dubi ƙasa.

Ta ƙarasa na biyar da na shida yadda ta iya. Ruwa ya fara sassautawa, ya koma ɗis-ɗis a bakin kwano, ɗakin ya yi shiru. Malam Gregory ya ce bari ya je ya duba ko ruwa ya shiga ɗakin na'urori, ya fita ya ja ƙofa, alhali kowa ya san ɗakin nan ba ya yoyo.

Ebele ta ajiye biro. Ta ce, “Mama, nuna min hannunki.”

“Me za ki gani a hannun tsohuwa, Dokta?”

“Don Allah, Mama.”

Ta zaro su daga akwati ta ɗora a kan tebur. Ebele ta ga kan yatsun nan ja, fata a tattashe, ga tabon ƙuna a manuni. Ta ɗora nata yatsan a kan tabon ta danna, tana kallon fuskar tsohuwar. Fuskar ba ta motsa ba.

“Tun yaushe?”

“Shekara ɗaya da rabi. Ko biyu. Da kunne nake yi miki aiki, 'yata. Na cuce ki, ki yafe min.”

“Na daɗe ina zargi,” in ji Ebele a hankali. “Makinki ya fara yawo tun bara. Ban so in yarda ba. Shi ya sa yau na sa miki guda ɗaya wanda na tabbata ko cikin barci za ki gane shi, don in samu abin da zan riƙe in bar ki.”

Mama Lucia ta dube ta.

“Wanne?”

“Na huɗu.”

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna kawai, bakinta a ɗan buɗe. Shekara ashirin tana wanke rigar nan, shekara shida tana hawa mota saboda ita, yau ta zo hannunta ba sanarwa ta ture ta ta kira ta tsumman bola. Abin da ta kasa yafe wa Japheth da mutanensa, shi ta yi da bakinta. Wannan ya fi sallamar ciwo, nesa ba kusa ba.

Sai maganar ta ɓalle mata, wadda ta riƙe shekara shida. Ta faɗi yadda aka raba kaya, da ƙusar bayan ƙofa, da babur ɗin da aka goge. Ta ce, “Ba don aikinki nake zuwa ba, Ebele, gara ki sani. Wurinsa nake zuwa. Ba ni da kowa a gidan nan, ba ni da ko zare ɗaya nasa. Minti ɗayan nan da kike ba ni, shi nake ci har wata Larabar.”

Ebele ta rufe baki da hannu. “Mama! Shekara shida? Me ya hana ki faɗa min?”

“In faɗa miki ki yi yaya? Ki rushe aikinki saboda ni?”

Tambayar ta yi wa Ebele nauyi. Duk lambobin da ta tara shekara goma sha ɗaya, da ƙyallen nan aka auna su. Ta miƙe ta buɗe murfin akwatin, abin da ba a yi a gaban mai gwaji, ta ɗauko shi ta ɗora a tafin Mama Lucia. Ta ce, “Riƙe shi dai tukuna. Ba na duba agogo.”

Rabon Mama Lucia da ta gan shi da ido tun ranar da ta datse shi. Ya ɗan yi ruwan madara, an yi wa bakinsa ɗinki don kada ya zare, ga lamba goma da baƙin zare a kusurwa. Ta shafa, ta matsa, ta murza, ta dunƙule, yadda doka ta ce. Babu komai. Da takarda aka ba ta da duk ɗaya ne. Nan ne hawaye suka zo, masu yawa, suna bin kumatunta suna sauka a haɓa. Kuma da yake mai kuka ba ya shawara da kowa, sai hannunta ya tashi da abin da ke cikinsa ya kai fuska don ya share.

Ƙyallen ya sauka a kumatunta, ta tsaya cak.

Ga shi nan. Duk laushin yana nan, bai je ko'ina ba. Ta ji shi a kumatu, ta ji shi a gefen baki, ta ji shi a fatar ido, sanyin audugar nan da take kwanciya a jiki ba ta gardama. Haka kafaɗar Sati take in ta jingina da shi ƙarƙashin mangwaro. Shekara shida tana bin doka, tana taɓa shi da yatsu ta cikin rami, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ba da yatsu ta fi sanin rigar nan ba. Ta danna shi a fuska da hannu biyu ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar da gida ya cika da mutane.

Sai da ta lafa ta tuna inda take. Ta janye shi da sauri, ta ga ya jiƙe, ga ɗan maiƙon fuska a tsakiya. Ta ce, “Wayyo Allah! Dokta, na ɓata miki. Wallahi ban sani ba, bari in wanke.”

Daidai nan Malam Gregory ya turo ƙofa. Ya dubi ƙyallen, ya dubi fuskar tsohuwar, ya dubi Ebele. Ebele ta share nata idon da bayan hannu, ta gyara murya ta koma Dokta.

“Malam Gregory, me doka ta ce a kan ƙyallen da ya taɓa fuska?”

Dattijon ya gyara tsayuwa. “Ya fita daga aiki, Dokta. Ba ya komawa akwati.”

“To kin ji, Mama. Kin ɓata shi, ba shi da sauran amfani a wurinmu. Sai ki kwashe abinki.”

“Aikinki fa?”

“Na'ura ta auna shi ta kowace fuska, lambobinsa suna nan. Zan sha wahala kafin in samu wanda zai kusance shi, wannan kuma matsalata ce.” Sannan ta faɗi ɗaya maganar, don ita ma ba mai ɓoye gaskiya ba ce. “Amma Mama, kin san ba zan iya barin ki a kan akwatin nan ba.”

“Na sani,” in ji Mama Lucia. “Ni na faɗa a kan Bisi, ba sai an maimaita min ba.”

Ebele ta ce za ta riƙa leƙo ta, kuma da gaske take, amma Mama Lucia ta san yadda aiki yake cinye masu kyakkyawar niyya, ta dai yi godiya. Malam Gregory ya miƙo mata ambulan don ta sa ƙyallen a ciki, ta ƙi. Ta ninke ƙyallen biyu ta zura shi cikin wuyan rigarta, ya kwanta a kan fata, inda ji bai mutu ba.

Ta hau mota ta nufi gida. Ruwa ya cika kwatoci, 'yan kasuwa suna ta sake baza kaya a bakin titi. Ta sauka a PZ, ta bi layinsu tana tsallake taɓo, ta buɗe ƙofa. Gidan yana nan yadda ta bar shi, shiru, dutsen guga a bakin ƙofa da tokarsa ta huce. Ta dube shi ta san babu sauran ranar da za ta sake hura masa gawayi. Ta ɗauke shi ta tura ƙarƙashin gado.

Sannan ta jawo kujera zuwa ƙarƙashin mangwaro, ganye yana ta ɗigo mata ruwa a kafaɗa. Ta zaro ƙyallen ta kwantar da kumatunta a kai.

“To, ɗan boko,” in ji ta. “Shekara goma sha ɗaya kana Samaru, ba ka ba da kunya ba. Yau an sallame mu tare.”